Mahaɗar Mota da Jirgin Ƙasa: A Gyara Tun Kafin Sabon Jirgi Ya Iso

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani haɗari da ke kwance a tsakiyar garuruwanmu, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da aka kwashi gawa. Ina nufin wuraren da titin mota ya ratsa ta kan layin dogo, inda mota da babur da ɗan adaidaita sahu da mai tura baro suke tsallakawa dare da rana, a kan hanyar da jirgin ƙasa ne mai ita.

Ni ɗan ma'aikacin reluwe ne. A gidajen ma'aikatan jirgi na Zariya na tashi, a zamanin da mata suke gane lokacin ɗora tukunya da kukan jirgi, yara kuma suke sanin jirgin kaya da na fasinja tun daga ƙararsa kafin su hango hayaƙinsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa dukana a kan wasa ba sai sau ɗaya, ranar da ya same ni na ɗora ƙusa a kan ƙarfen dogo ina jiran jirgi ya taka ta ya mayar mini da ita wuƙa. Da ya huce sai ya zaunar da ni ya ce, “Duk abin da ke tafiya a doron ƙasa yana iya kauce maka, har mahaukacin sa, amma ban da jirgi, domin shi ba shi da sitiyari.” Na girma, na yi aiki, na yi ritaya, ban ji wata magana da ta tattara wannan batu kamar wannan ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru da ni a nan Kano. Da yammacin wata rana bayan La'asar na shiga adaidaita sahu zan koma gida, mu uku a baya, ni da wata baiwar Allah mai goyo da wani ɗan makaranta. Muka iso wata mahaɗa inda layin dogo ya ratsa titi, muka tarar da cunkoso irin na tashin kasuwa. Sandar da ake saukewa ta tare hanya tana nan a tsaye, ta yi tsatsa, an ma rataya mata allon tallar maganin gargajiya. Masu tumatir da yalo sun baza farantansu a kan katakon dogo, wani mai gyaran takalmi ya kafa lemarsa a tsakanin ƙarafan biyu. Direbanmu, yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, ya kutsa kai ya bi motar da ke gabansa, motar ta tsaya cak, mu kuma muka tsaya daidai a kan layi, ga mota a gaba, ga wata ta manne mana a baya. Na ce masa, “Yaro, ba a tsayawa a nan.” Ya waiwayo cikin ladabi ya ce, “Baba, ai jirgin nan ya daɗe bai zo ba.” Bai rufe baki ba muka ji kukansa daga nesa.

Ba zan manta da abin da na gani a cikin wannan ɗan lokaci ba. Wani dattijo ya fito a guje daga wata rumfa da jan ƙyalle a hannu, wanda rana ta ci har ya koma ruwan ƙasa, yana ɗaga shi yana ihu, amma ba mai jin sa saboda ƙarar oda. Masu tumatir suka kwashe farantansu cikin gwaninta, alamar sun saba. Matar da ke kusa da ni ta ƙanƙame goyonta tana salati, ta kasa ko motsi. Ni da ɗan makarantar muka janyo ta muka fito da ita, wasu matasa kuma suka taru suka ciccibi bayan keken suka jefa shi gefe. Allah ya taimake mu jirgin na kaya ne, kuma a hankali yake tafiya saboda yana cikin gari. Ya wuce ƙasa tana girgiza, iskarsa tana kaɗa mana riguna. Bayan ya shige kowa ya koma harkarsa, masu tumatir suka mayar da farantansu inda suke, har wasu na dariya. Ni kuwa na kwana ina jin kukan jirgin nan a kunnena, ina tunanin abin da zai faru da a ce irin jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna ne.

Amsar da yaron nan ya ba ni ita ce tushen matsalar, kuma ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, aka haɗe shi da na Legas a 1912, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, sannan ya isa Maiduguri a 1964. Iyayenmu da kakanninmu sun rayu da jirgi, da shi aka kwashi gyaɗa da auduga da fatu da shanu, sun san ƙarfinsa, sun kuma koya wa 'ya'yansu tsoronsa. Daga baya harkar jirgi ta durƙushe, aka yi shekaru masu yawa layin yana kwance ciyawa ta rufe shi. A cikin waɗannan shekaru ne garuruwa suka faɗaɗa suka haɗiye layin, aka yi gine-gine har jikinsa, aka kafa kasuwanni a kansa, kowace unguwa ta cike ƙarfen da ƙasa ta buɗe wa kanta hanyar tsallakawa ba da sanin kowa ba. Aka haifi yara, suka girma, suka karɓi tuƙi, ba su taɓa ganin an sauke sanda an tsayar da motoci saboda jirgi ba. Da aka gyara tsohon layin, jirgin fasinja ya dawo tsakanin Legas da Kano a ƙarshen 2012, sai ya dawo ya tarar da mutanen da suka manta da shi. Kuma jirgin da yake zuwa jefi-jefi ya fi wanda yake zuwa kullum haɗari, domin mai zuwa kullum ana sa ran sa, shi kuwa wannan sai an sakankance yake ɓullowa. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, haka nan sabo da layin da ba a ga jirgi a kansa jiya ba, ba ya hana jirgi zuwa yau.

Akwai abubuwan da ya kamata duk mai riƙe da sitiyari ya sani game da jirgi, waɗanda na lura ko direbobin da suka yi shekara talatin a kan hanya ba su san su ba. Direban mota yana auna komai da birkinsa ne, yana zaton idan mai jirgi ya hango shi zai taka birki kamar yadda shi zai taka. Tayar mota roba ce a kan kwalta, tana kama ƙasa. Ƙafar jirgi kuwa ƙarfe ce a kan ƙarfe mai santsi, kuma wurin da take taɓa layin bai fi faɗin kwabo ba. Wannan santsin shi ne ya sa kan jirgi guda yake iya jan taragu masu yawa, shi ne kuma ya sa ba ya iya tsayawa nan take. Kan jirgi kaɗai yana haura tan 100, ƙaramar mota kuwa da ƙyar take kai tan 2, balle a haɗa da taragun da aka cika da siminti ko kwantena. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa yana iya cin kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya, ko da direbansa ya ja birkin gaggawa tun daga lokacin da ya hango mota. Saboda haka idan direban jirgi ya ga mota a kan layi, sau da yawa abin da ya rage masa shi ne ya danna oda, ya ja birki, ya zuba ido yana kallon abin da ba shi da ikon hanawa. Na san tsofaffin direbobin jirgi, abokan mahaifina, waɗanda suka tsufa da irin wannan hoto a zukatansu, kuma ba wanda yake tuna su idan ana lissafa waɗanda haɗari ya shafa.

Sai kuma yaudarar ido. Abu mai girma idan yana tahowa kai tsaye, ido yana ganin kamar a hankali yake tafiya, kamar yadda ake ganin jirgin sama yana saukowa sannu-sannu alhali gudunsa ya fi na motocin da ke kan hanyoyinmu. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan ka hango shi a nisan mita 300, wanda a ido yake kamar tafiya ce mai tsawo, daƙiƙa 11 kacal suka rage ya iso inda kake. A tambayi duk direban tirela ko tanka, motar da aka yi wa lodi, ta tashi daga tsaye da giya ta ɗaya, ta hau tudun mahaɗa, har wutsiyarta ta fice daga kan layi, daƙiƙa nawa take buƙata? Ban da wannan, jikin jirgi ya fi layinsa faɗi, yana fitowa kusan mita guda ta kowane gefe, don haka wanda ya tsaya dab da ƙarfe yana ganin ya kauce, bai kauce ba. Inda kuma layi biyu ne a jere, jirgin da ya wuce yana iya ɓoye wani da ke tahowa daga ɗaya ɓangaren, mutum ya afka yana zaton hanya ta buɗe. A lokacin hunturu, da hazo ke rufe gari har ba a hangen abin da ke gaba, ga gilashin mota a rufe, ga rediyo a kunne, ko abin sauraro a toshe a kunnen ɗan acaɓa, ido da kunne duka sun tashi daga aiki.

Ba labarin wata ƙasa mai nisa nake bayarwa ba. A safiyar 9 ga Maris 2023, a mahaɗar PWD da ke Ikeja a Legas, wata babbar bas ɗauke da ma'aikatan gwamnatin jihar da ke kan hanyarsu ta zuwa ofis ta shiga gaban jirgin fasinja. Jirgin ya tokare ta a tsakiya, ya yi ta turata a kan layi har zuwa wajen Shogunle kafin ya iya tsayawa. Mutum 6 suka rasu, gommai suka jikkata, gwamnatin jihar ta ayyana zaman makoki na kwana 3, aka kuma gurfanar da direban bas ɗin a gaban kotu. Hukumomi sun bayyana cewa masu tsaron mahaɗar sun ba da alamar a tsaya, wasu motoci sun tsaya, shi kuwa ya ga kamar zai iya rigan jirgin wucewa. Mutanen da suka fito daga gidajensu da sassafe da kwanon abincin rana a jaka, ƙin jiran da bai fi na minti biyu ba ne ya raba su da iyalansu. Kafin wannan, a ranar 15 ga Disamba 2022, kwana 10 kacal da dawowar jirgin Abuja zuwa Kaduna bayan dakatarwar da ta biyo bayan harin da aka kai masa a watan Maris na shekarar, jirgin ya murƙushe wata ƙaramar mota a yankin Kubwa, matar da ke tuƙa ta ta rasu. Ina roƙon mai karatu ya lura da wannan lokaci: wata takwas layin yana shiru, mutane sun saba tsallakawa ba waiwaye, jirgi ya dawo, cikin kwana 10 aka rasa rai. A nan Kano ma, a watan Janairu 2022, jirgi ya yi karo da motar siminti da adaidaita sahu a titin Obasanjo, a tsakiyar gari.

Duk lokacin da irin wannan ya faru, maganar da ake yi ita ce gangancin direba, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma ina ganin idan muka tsaya a nan mun yi wa kanmu sauƙi da yawa. Direbobi masu gaggawa suna ko'ina a duniya, shi ya sa aka ƙirƙiro sanda da ƙararrawa da jar fitila mai walƙiya, domin kada ran mutum hamsin ya rataya a kan hankalin mutum ɗaya. A yawancin mahaɗun da nake bi, abin da ya raba jirgi da motoci bai wuce dattijo ɗaya da jan ƙyalle ba, wani lokaci da igiya ko gora da yake tarewa da ita. Ba shi da rumfar kirki, ba shi da fitilar dare, kuma 'yan acaɓa suna zagaye shi kamar ba mutum ba. Idan ya tafi salla, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, ko labarin tahowar jirgi bai iso gare shi da wuri ba, shi ke nan mahaɗar ta zama a buɗe. Ƙasar Masar ta ɗanɗana wannan a ranar 17 ga Nuwamba 2012, a Manfalut da ke lardin Asyut, inda jirgi ya afka wa motar 'yan makaranta a mahaɗar da ba a rufe ba, yara ƙanana kusan 50 suka rasu. An zargi mai tsaron wurin da yin barci a bakin aiki, ministan sufurin ƙasar kuma ya ajiye muƙaminsa. Duk wanda ya ga yadda ake cusa yaranmu goma sha a cikin adaidaita sahu guda da safe, a bi da su ta kan layin dogo zuwa makaranta da Islamiyya, ya san cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wani abin da ke damuna shi ne, mahaɗa wuri ne da ba a san takamaiman mai shi ba. Layin na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne, wadda aka kafa tun 1955. Titin da ya ratsa shi yana iya zama na tarayya, ko na jiha, ko na ƙaramar hukuma. Direbobin da ke bi ta kai suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da hukumomin zirga-zirga na jihohi, 'yan kasuwar da suka zauna a wurin kuwa ƙaramar hukuma ce take karɓar harajinsu. Idan sanda ta karye, wa zai gyara? Idan kwalta ta zaizaye a tsakanin ƙarafa har ƙasan mota yana maƙalewa, wa za a kai wa kuka? Abin da mutum da yawa suka mallaka, shi ne yake rasa mai kula da shi. Tun da aka yi wa tsarin mulki gyara a watan Maris 2023, aka ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa, gwamnoninmu ba su da sauran hujjar cewa wannan aikin Abuja ne su kuma 'yan kallo. Jihar Legas, da za ta buɗe jirginta na cikin gari mai suna Jan Layi a 2024, sai da ta gina gadojin sama a Ikeja da Yaba da Oyingbo da Mushin domin motoci su daina haɗuwa da jirgi a ƙasa ɗaya. Ƙasar Indiya, wadda layukanta suka ninka namu sau da yawa, ta rasa 'yan makaranta 13 a wata mahaɗa marar mai tsaro a Kushinagar a watan Afrilu 2018, kuma zuwa farkon 2019 ta ba da sanarwar kawar da duk mahaɗun da ba su da mai tsaro a kan manyan layukanta, wasu aka rufe su, wasu aka sa musu ma'aikata, wasu aka yi musu gada.

Dalilin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira shi ne aikin da ake yi yanzu a ƙasarmu ta Arewa. Ana shimfiɗa sabon layi mai faɗi daga Kaduna zuwa Kano, ana kuma shimfiɗa wani mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wanda zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Ina murna da wannan aiki, ina kuma addu'ar Allah ya nuna mini ranar da zan hau shi. Amma layin zai keta garuruwa da ƙauyukan da a tarihinsu ba su taɓa ganin jirgi ba, zai raba manomi da gonarsa, ya raba unguwa da rijiyarta, ya yanke burtalin da makiyaya suka gada kaka da kakanni. Mutumin da gonarsa take tsallaken layi ba zai yi zagayen kilomita biyar da amalanken shanu don ya kai ga gada ba, zai fasa shingen ne ya buɗe hanyarsa, kamar yadda aka yi wa tsohon layi. Don haka lokacin da za a zauna da dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo a tambaye su ta ina jama'a da dabbobi suke bi shi ne yanzu da 'yan kwangila suke wurin da injinansu, domin a bar musu hanyar ƙarƙashin ƙasa ko gada a inda suke buƙata da gaske, ba inda injiniya ya ga ya fi masa sauƙi a kan takarda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gadar da za a gina yau da kuɗi kaɗan, idan jirgi ya fara aiki sai an ninka kuɗin, bayan an riga an binne mutane.

Na san ba kowace mahaɗa za a yi wa gada ba, aljihun gwamnati ba zai ɗauka ba. Amma sanda mai aiki, da ƙararrawa da jar fitila masu amfani da hasken rana, da ma'aikata biyu masu karɓa-karɓa da wayar da za a sanar da su tashin jirgi daga tashar baya, da tudun rage gudu kafin a iso, da sare ciyawa da janye rumfunan da suke tare gani, duk waɗannan ba su kai kuɗin shataletale guda da ake ƙawatawa a cikin gari ba. 'Yan kasuwar da ke zaune a kan layi kuma talakawa ne masu neman na tuwo, kora da bulala ba za ta raba su da wurin ba, gobe za su dawo. A ba su wani wuri kusa da inda masu sayensu suke. Haka kuma a riƙa sanar da lokutan wucewar jirgi a gidajen rediyo, musamman idan zai dawo aiki bayan dogon hutu.

Ga 'yan'uwana direbobi, da shugabannin ƙungiyoyinsu a tashoshin mota, ina da magana ta musamman. Alamomin mahaɗar jirgi suna cikin littafin dokokin hanya, allon da aka zana shinge yana nufin akwai sanda a gaba, wanda aka zana kan jirgi yana nufin babu, amma direba nawa ne aka taɓa tambaya wannan kafin a ba shi lasisi? Ƙa'idar ba ta da wuya. Kada ka hau kan layi sai ka ga fili a ɗaya gefen wanda zai ɗauki motarka gaba ɗaya, ko da na bayanka zai fasa maka kunne da oda. Ka sauke gilashi, ka rage rediyo, ka duba dama da hagu, kada ka canza giya a kan ƙarfe, kada kuma ka yi obatekin a wurin. Idan mota ta mutu a kan layi kuma jirgi na tahowa, kada a tsaya tura ta ko kwashe kaya, a fitar da kowa nan take, a yi nesa da layin ta ɓangaren da jirgin yake tahowa, domin idan ya bugi motar gaba zai watsa tarkacenta, wanda ya gudu ta inda jirgin ya dosa shi tarkacen za su tarar. Mu fasinjoji kuma mu daina zuga direba da cewa ya yi sauri zai wuce, mu kuma daina jin nauyin buɗe baki. Ni kaina da na yi wa yaron nan magana tun kafin ya hau layin, maimakon bayan ya hau, da ba mu shiga halin da muka shiga ba.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya hane mu jefa kanmu cikin halaka, shi ne kuma ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Direban da ya ɗauki rayuka goma sha takwas amana ce a hannunsa, kuma idan ya kutsa da su ƙarƙashin sanda da gangan, za a tambaye shi. Ina roƙon limamanmu, musamman na masallatan da ke kusa da layin dogo, su keɓe huɗuba guda a kan wannan, malaman firamare da na Islamiyya kuma su koya wa yara, domin yaron da aka koya wa tsoron jirgi yana iya tsayar da mahaifinsa a bakin mahaɗa.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina da roƙo gare ka kai tsaye. Ka tura wakilanka na Kano da Zariya da Kaduna da Gusau da Nguru su bi layin da ƙafa, su ƙirga mahaɗun da ke cikin kowane gari, na hukuma da waɗanda jama'a suka buɗe da kansu, su rubuta wacce ce take da sanda mai sauka, wacce ce take da mai tsaro da dare, wacce ce ba ta da komai, a buga da hotuna da sunan kowace unguwa, sannan a kai wa hukumomin da abin ya shafa a nemi amsarsu a rubuce. A makon jiya na sake bi ta mahaɗar da abin ya faru da mu. Sandar tana nan a tsaye da allon tallar maganin a jikinta, dattijon yana zaune a rumfarsa da jan ƙyallensa a kan cinya, kuma na ƙirga keken 'yan makaranta bakwai da suka tsaya a kan layin kafin cunkoso ya saki.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani ɗan tsohon ma'aikacin reluwe,
daga Kano.